Yaushe rabonka da duba inshorar lafiyarka?

Ina da wani ɗan baffana da ke aiki a Amurka. Duk shekara idan Nuwamba ta kama, sai ya yi wuyar samu a guruf ɗinmu na gida a WhatsApp. Ka yi masa magana da safe sai dare ya amsa, amsar ma a gajarce: "Ku yi haƙuri, lissafin inshora nake yi." Da farko dariya muke yi masa. Mutum lafiyarsa ƙalau, ko mura ba ya yi, amma ya tasa kwamfuta a gaba yana kwatanta farashin ciwon da bai zo ba. Sai da na zauna na karanta yadda abin yake sannan dariyar ta koma ciki, domin a nan na gane cewa ni mai dariyar ban ma san ina da inshora ba, alhali sau uku ina biyan kuɗinta.

Zan dawo kan wannan. Bari mu fara da can, don ka ga abin da ke hana bawan Allah barci.

Amurka ba ta da tsarin asibitin gwamnati na kowa da kowa irin na Ingila. Kusan rabin mutanen ƙasar ta wurin aikinsu suke samun inshorar lafiya. Tsofaffi daga shekara 65 zuwa sama suna da shirin Medicare, masu ƙaramin ƙarfi kuma Medicaid, dukansu an kafa su a 1965. Sauran jama'a, irin su direban tasi, mai shago, mai aikin kansa, da wanda ya bar aiki bai samu wani ba, su ne ke shiga kasuwa su saya da kansu. Dokar da Barack Obama ya sa wa hannu a watan Maris na 2010, wadda aka fi sani da Obamacare, ita ta kafa wannan kasuwa a intanet. Akwai shafin gwamnatin tarayya mai suna HealthCare.gov, wasu jihohin kuma suna da nasu. Mutum sama da miliyan 24 ne suka yi rajista ta wannan hanya domin shekarar 2025.

To amma kasuwar ba kullum take ci ba. A shekarun baya-bayan nan, a yawancin jihohi an riƙa buɗe ƙofa ne ranar 1 ga Nuwamba a rufe 15 ga Janairu, kuma wanda yake so inshorarsa ta fara aiki tun ranar farko ta sabuwar shekara sai ya kammala kafin 15 ga Disamba ta wuce. 'Yan Medicare nasu lokacin daban ne, daga 15 ga Oktoba zuwa 7 ga Disamba. A cikin waɗannan makonni ne za ka sabunta tsarin da kake kai, ko ka canza wani, ko ka shiga idan da ba ka ciki. Ƙofa na rufewa, shi ke nan, sai baɗi. Sai fa idan wani babban abu ya faru a rayuwarka, kamar aure, haihuwa, ƙaura zuwa wani gari ko rasa inshorar wurin aiki, nan za a ba ka kwana 60 ka gyara.

Za ka ce wannan ai takura ce. Me ya sa ba za a bar mutum ya saya ranar da ya ga dama ba? Ka tuna adashi. A ce akwai wani a unguwarku da ba ya zubi, sai ranar da yake buƙatar kuɗi ya zo ya zuba sau ɗaya ya ce a ba shi kwasa, yana karɓa kuma ya ɓace. Wata nawa wannan adashin zai yi kafin ya mutu? Dokar 2010 ta hana kamfanoni ƙin karɓar mutum ko tsawwala masa kuɗi don yana da tsohon ciwo kamar suga ko asma. Abu ne mai kyau ƙwarai. Amma da an bar ƙofa a buɗe duk shekara, da yawa za su jira sai likita ya ce akwai tiyata sannan su saya, asusun ya cika da marasa lafiya kaɗai, farashi ya haura sama. Rufe ƙofar shi ke tilasta wa mai lafiya ya yi zubi tun yana da lafiya. Kuma mai lafiyar da aka fi nema kai ne da ni, matasa, tunda mu ne ba mu cika zuwa asibiti ba.

Yanzu ga inda mutane ke faɗawa rami, kuma nan ne ɗan baffan nawa ke kwana. Idan ba ka taɓa komai ba, yawanci za a sabunta maka tsohon tsarinka kai tsaye. Ka ji kamar gata ne, ko ba haka ba? Matsalar ita ce sunan tsarin ne kawai ke zama yadda yake, cikinsa na iya canzawa. Kuɗin wata-wata na iya ƙaruwa. Likitan da ka saba gani na iya fita daga jerin waɗanda kamfanin ya ƙulla yarjejeniya da su, ka je wurinsa a watan Maris a miƙo maka takardar kuɗi cikakkiya. Maganin da kake sha kullum na iya fita daga jerin wanda ake biya. Tallafin gwamnati ma ana lissafa shi ne da kuɗin shigarka da kuma farashin wani tsari na ma'auni a yankinka, saboda haka ko kai ba ka motsa ba, abin da za ka biya na iya motsawa. Mu da muka saba danna "na amince" ba tare da karanta ko layi ɗaya ba, mun san wannan ciwon. Sau nawa aka cire maka kuɗin data da ba ka nema ba, don ka manta ka kashe sabuntawa ta kai tsaye?

Rami na biyu shi ne araha. An kasa tsare-tsaren gida huɗu da sunan ƙarafa: tagulla, azurfa, zinariya da filatinam. A ƙiyasi, na tagulla na ɗauke kusan kashi 60 cikin ɗari na kuɗin jinyar masu shi, azurfa 70, zinariya 80, filatinam 90. Na tagulla shi ne mafi sauƙin kuɗin wata, shi ya sa ido ke fara sauka a kansa. Amma akwai wani abu da ake kira kason farko, wato adadin da kai za ka fara biya daga aljihunka a shekara kafin kamfani ya fara sa hannu a yawancin jinya. Bari in ba ka misali da lambobin da na ƙirƙira don lissafi kawai. Tsari na ɗaya dala 100 a wata, kason farko dala 7,000. Na biyu dala 250 a wata, kason farko dala 1,500. Idan shekara ta wuce lafiya lau, mai na ɗaya ya tsira da dala 1,800. Idan kuwa ya karye a filin ƙwallo aka yi masa aiki, zai fitar da dala 5,500 fiye da abokinsa kafin kamfani ya ce uffan. Ka cire 1,800 ɗin da ya adana, har yanzu ya yi asarar 3,700. Babu wanda ya fi wani wayo a cikinsu kai tsaye. Magana ce ta waye kai, wane magani kake sha, kuma nawa za ka iya fitarwa a dare ɗaya ba tare da ka sayar da mota ba. Araha dai ba ta ado, kuma a nan har jini take sha.

Matasansu na da wata ranar da ba sa mantawa. Dokar ta ba yaro damar zama a inshorar iyayensa har ya cika shekara 26. Ranar zagayowar haihuwa ta 26 ke nan ba ta kek da hotuna kaɗai ba ce, rana ce ta fara neman mafita. Ka riƙe wannan lambar, za mu kwatanta ta da tamu.

Kada ka ɗauka yabon Amurka nake yi. Wallahi tsarinsu na da tsada da ruɗani, kuma siyasa na wasa da shi kamar ƙwallo. An ƙara tallafin da ake ba masu saye a 2021, aka tsawaita shi a 2022 zuwa ƙarshen 2025, kuma rigimar ko a sake tsawaita shi na cikin manyan dalilan da suka sa ayyukan gwamnatin tarayya suka tsaya cak na kwana 43 daga 1 ga Oktoban 2025, mafi tsawo a tarihin ƙasar a lokacin. Ƙasar da ta fi kowa kuɗi, amma mutum na iya tsiyacewa saboda kwana uku a gadon asibiti. Duk mai mafarkin tsallakawa can karatu ya sa wannan a lissafinsa tun kafin kuɗin jirgi, domin yawancin jami'o'insu na wajabta wa ɗalibin waje inshora, kuma ba kyauta ba ce. Abu ɗaya dai na gani da suka yi daidai: sun ware lokaci a kalanda da kowa ya san na wannan magana ne. Rediyo na faɗa, talabijin na faɗa, wurin aiki na turo saƙo. Ko ba ka so, sau ɗaya a shekara sai ka zauna ka tambayi kanka: idan na kwanta gobe, wa zai biya?

Mu a nan yaushe muke yi wa kanmu wannan tambayar? Sai ranar da mutum ya riga ya kwanta.

Ka buɗe Facebook yanzu, ka gangara ƙasa kaɗan. Ba za ka yi minti biyar ba sai ka ci karo da hoton wani a gadon asibiti, an rubuta lambar asusu a ƙasa, "a taimaka don Allah, saura dubu ɗari huɗu a yi masa aiki." Muna turawa, muna yaɗawa, muna cewa Allah ya ba da lafiya. Wannan zumunci abin alfahari ne, ban raina shi ba. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, wannan ita ce inshorar da yawancinmu muke da ita, kuma inshora ce da ta dogara da yawan mabiyanka da kuma ko hotonka ya taɓa zuciyar mutane. Wanda ba shi da mai ɗauko labarinsa fa? Sama da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyata da danginsu yake fitowa kai tsaye.

Ba wai tsari ne babu ba. An yi dokar inshorar lafiya ta ƙasa tun 1999, aka ƙaddamar da shirin NHIS a 2005 zamanin Obasanjo. A watan Mayun 2022 Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar da ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, wadda ta mayar da inshorar wajibi a kan kowane ɗan ƙasa. Jihohi ma na da nasu hukumomin, kamar KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna. Akwai shirin GIFSHIP na mutum ɗaya ko iyali ko ƙungiya da ba ma'aikatan gwamnati ba, wanda ake biya shekara-shekara. Akwai kuma wanda ya fi shafarmu, TISHIP, na ɗaliban manyan makarantu.

A nan ne nawa abin kunyar yake. A zango na biyu na ajina na biyu zazzaɓi ya kwantar da ni, irin wanda ke sa ka ga silin yana juyawa. Abokan ɗaki suka harhaɗa abin da ke hannunsu, ɗaya har da kuɗin abincinsa na mako, aka kai ni wani kemis a bakin titi aka yi mini allurai. Na warke, na bi su da godiya da biyan bashi. Sai bara, ina neman wata takarda, na ɗauko tsoffin rasit na rajista, idona ya sauka a kan wani layi na kuɗin lafiya da nake biya kowace shekara tun ina aji ɗaya. Ban taɓa zuwa na buɗe fayil a asibitin makaranta ba. Babu wanda ya yi mini bayani a lokacin rajista, gaskiya ne. Amma ni ma ban tambaya ba, ni da nake karanta aikin jarida, aikin da gaba ɗayansa tambaya ce.

Yanzu ka dawo da lambar nan ta 26. A tsarin ma'aikata na NHIA, katin mahaifinka ko mahaifiyarka na ɗaukar ma'aikacin da abokin aurensa da 'ya'ya huɗu na cikinsa waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Ka lura da abu biyu: huɗu, da kuma 18. A gidajenmu da ake da 'ya'ya takwas, goma, wa aka sa wa aka bari? Sannan kai da ka cika 19 kana ta cewa "ai muna da kati a gida", ka tabbata sunanka na nan? Da yawa sai a gaban tebur ɗin rajista na asibiti suke jin labari, suna riƙe da ciki. Daga nan kuma sai a gama makaranta, na ɗalibai ya ƙare. Bayan bautar ƙasa a shiga shekarun neman aiki, shekarun da mutum ke hawa babur safe da yamma a kan titunan da ka sani, ba shi da komai a bayansa sai addu'ar uwa. Ke kuma 'yar'uwa da ake shirin bikinki bayan salla, a cikin lissafin kayan ɗaki da na kicin, an sa lissafin awo da haihuwa? Idan aka ce sai an yi aiki a ciro jariri, wa ke da kuɗin a hannu ƙarfe biyun dare?

Na san abin da za ka ce, domin ni ma na faɗa. Na farko, babu kuɗi. Gaskiya ne, kuma wanda ke neman na abincin dare ba za ka yi masa wa'azin inshora ba; irinsu ne aka yi asusun kula da lafiya a matakin farko dominsu a ƙarƙashin dokar lafiya ta 2014, wadda ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya. Amma kai da ke karanta wannan a waya mai tsada, ka tara abin da ka kashe a data wata uku, ka je ofishin hukumar jiharku ka tambayi nawa ne zubin shekara, sannan ka yanke hukunci da lamba a gabanka.

Na biyu ya fi ƙarfi: "ko ka yi ma wahala ce, za a ce babu magani ka je waje ka saya, a ajiye ka a layi a fara ganin mai kuɗi a hannu." Wannan ƙorafin na gaske ne, duk mun ji shi daga bakin iyayenmu ma'aikata. Sai dai abin da na lura shi ne yawancinmu ba mu san me muka saya ba, shi ya sa ba mu san lokacin da aka tauye mu ba. Mutum nawa ne suka san cewa a tsarin ma'aikata kashi 10 cikin ɗari na kuɗin magani ne kawai ke kan majinyaci? Mutum nawa suka san sunan kamfanin da ke tsakaninsu da asibiti, wato HMO, balle lambar da za su kira? Mutum nawa suka san ana iya cike fom a canza asibiti idan wanda aka zaɓa ya yi nisa ko ba ya kula da mutane? Akwai wanda ya ƙaura daga wata unguwa shekara biyar, har yau katinsa na tsohon asibiti. Ba-Amurken da bai duba tsarinsa ba da ɗan Najeriyar da bai san asibitin da ke katinsa ba, rami ɗaya suka faɗa.

Na uku, wasu na da shakku ta fuskar addini, kuma ba abin wasa ba ne. Ni ba malami ba ne. Abin da zan ce kawai, akwai tsarin takaful da aka gina kan taimakon juna, kuma hukumar Kano ma da sunan taimakekeniya aka san ta. Ka kai tambayarka wurin malamin da ka yarda da iliminsa, ka kai masa takardar tsarin ya gani, kada ka tsaya a kan wani bidiyo na sakan talatin.

Maƙwabtanmu na Gana sun kafa nasu shirin a 2003, kuma katinsu shekara-shekara ake sabunta shi. Da can sai mutum ya bi dogon layi a ofis, amma tun ƙarshen 2018 ana iya sabuntawa ta waya da lambar *929#, a biya da kuɗin waya. Ɗan Zango a Kumasi ko Nima na iya yi yana zaune a majalisa. Su ma suna da nasu matsalolin, amma aƙalla sun gane cewa sabuntawa ita ce inda ake zubar da mutane.

Saboda haka ga abin da wannan fili ke nema. Hukumar NHIA da hukumomin jihohi su ware wata guda a shekara, sananne, na sabuntawa da canza asibiti da shigar sababbi, a yi ta shelarsa da Hausa a rediyo da TikTok da masallatai da coci-coci har sai ya gunduri mutane. Ba ina cewa a rufe ƙofa sauran watanni irin na Amurka ba. Mu da mafi yawanmu ba ma ciki, rufe ƙofa ba namu ba ne. Lokacin tunatarwa muke so. A riƙa tura saƙon tes wata ɗaya kafin kati ya mutu, da kuma wata shida kafin yaro ya cika 18. Makarantu kuma su rubuta a jikin rasit, ɓaro-ɓaro, me kuɗin lafiyar nan ya ƙunsa, wane kamfani ne, kuma ina ɗalibi zai je idan ciwo ya same shi lokacin hutu. Ƙungiyoyin ɗalibai da ke iya cika fili don gasar ƙwallo da daren al'ada, ku ba wannan ko da awa ɗaya a makon tarbar sababbin ɗalibai.

Kafin su yi, kai ka yi naka a wannan makon. Ɗauko rasit ɗinka na rajista ka karanta shi layi-layi. Idan ka koma gida ka tambayi Baba ko Mama su nuna maka takardar inshorar gida, ka duba sunayen da ke ciki da shekarun kowa, musamman ƙannenka da ke dab da 18. Ka tambayi ranar da kati zai mutu, ka sa ta a kalandar wayarka da ƙararrawa. Idan sabuwar rajista za ka yi, ka tambayi tsawon lokacin jira, domin kati ba ya fara aiki ranar da aka biya.

Ni dai ranar Litinin da ta wuce na je na buɗe fayil ɗina. Hoto biyu da katin shaida na makaranta suka nema, layin ma bai kai minti arba'in ba. Matar da ke kan tebur ta dubi shekarar da na shigo makaranta, ta dube ni, ta ce, "Sai yanzu, ɗana?"